Filin Makaranta, Hurumin da Ya Rage wa Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga birnin Kano ta ratsa Dambatta ta nufi Daura, ko kuwa wadda ta bi ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa ta miƙe zuwa Katsina, in dai tafiyarsa ta faɗo a tsakiyar damina, ba zai kasa lura da wani al'amari guda ba, shi ne cewa iyakar ganin idonsa, dama da hauni, babu wani taƙi na ƙasa da aka bari haka nan: inda babu gero akwai dawa, inda babu dawa akwai gyaɗa ko wake, har gindin kuka da ɗorawa da gawo ma garma ta bi, ba ta tsaya ba sai inda saiwa ta hana ta wucewa. A mafi yawan ƙauyukan wannan yanki wurare huɗu ne kaɗai suka tsira daga fartanya, wato maƙabarta da masallacin Idi da kasuwa da filin makaranta. Maƙabarta tana da alfarmarta, masallacin Idi yana da tasa, kasuwa kuwa rumfuna sun cika ta. Saboda haka idan aka tambaya ina ne yaron ƙauye zai sheƙa da gudu tsakanin shuka da girbi ba tare da ya taka amfanin wani ba, amsar ba ta wuce wuri guda ba.

Wannan matsi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Tun cikin shekarun 1960 wani masanin labarin ƙasa mutumin Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma ya komo Jami'ar Bayero, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin, ya nuna cewa fiye da kashi huɗu cikin biyar na ƙasarta ana nome shi kowace shekara ba tare da an bar gona ta huta ba. Abin da ya riƙe ƙasar ba ta mutu ba shi ne taki, na dabbobin da ake turkewa a gida da wanda jakai ke kwasowa daga jujin birni cikin rani. Tun daga lokacin nan zuwa yau an haifi 'ya'ya da jikoki, an yi rabon gado bisa ƙa'idar fara'ila sau biyu ko sau uku, gandun da a da gida guda ke ci ya zama 'yan gayauni a hannun magada goma, ita kuwa ƙasa tana nan yadda Allah ya shimfiɗa ta, ba ta ƙaru da ko kamu ɗaya ba.

Magabata ba su jahilci bukatar fili na kowa da kowa ba. Malaman fiƙihu sun yi bayanin harimin gari, wato sararin da ke kewaye da shi wanda jama'a ke kiwo da itace a cikinsa, wanda kuma bai halatta wani ya keɓance kansa da shi ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Kano ya rubuta wa mutanenta Liya'ul Hukkami, ya kuma wallafa wani ɗan littafi mai suna Ta'alimur Rali a kan hanyoyin da ake mallakar ƙasa da su. A aikace ma kowane gari yana da huruminsa da makiyayarsa da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, da dandali inda 'yan mata ke gaɗa, samari ke langa da farin wata. Amma hurumi ba shi da mai kuka dominsa. Kowace shekara mai gonar da ke maƙwabtaka da shi yana ƙara kunya ɗaya, dagaci yana yanka wa baƙo wurin gini, har aka wayi gari burtalin da a da garke ke wucewa cikinsa a sake ya koma 'yar siririyar hanya, dandali kuwa ya zama ɗakunan angwaye.

Wasannin gargajiya ba su sha wahalar wannan rashi sosai ba, domin sun san lokacinsu. Kokawa da dambe da kalankuwa wasannin kaka ne, sa'ad da aka yi girbi, gonaki suka zama na kowa, fage kuwa da'ira ce ƙarama wadda 'yan kallo ke shatawa da jikinsu. Tamaula ce ta zo da wata bukata dabam. Ita ba ta san rani ba, ba ta san damina ba. Ba ta yiwuwa a kan kunya, ba ta kuma yiwuwa inda tushiyar dawa ke jiran tafin ƙafar da ba takalmi. Cikakken filinta, irin wanda ake manyan gasa a kai, mita 105 ne a tsawo da 68 a faɗi, wato abin da ya tasam ma eka biyu, kuma duk wanda ya san darajar eka biyu a ƙasar Minjibir ko Dawakin Tofa, ya san ba ƙaramin abu ake nema ba in an ce a bar su ba shuka don yara su yi guje-guje.

Makarantar boko ita ce ta shigo da irin wannan fili, domin a wurin Turawan da suka kawo ta wasa rukuni ne na tarbiyya, ba abin cike lokaci ba ne. Tun daga makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa cikin 1909, da Kwalejin Katsina ta 1922, da elementaren da En'e ta riƙa kafawa a garuruwan hakimai, ba a shata makaranta ba tare da an bar mata sarari a gabanta ba. Amma yawancin filayen da muke magana a kansu ba su kai wannan tsufa ba. Asalinsu shekarar 1976 ce, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, aka shiga gina azuzuwa cikin gaggawa har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin alli ba. Hanyar samun filin kuwa sananniya ce: umarni ya zo wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya tara masu unguwanni da dattawa, a duba gonar da ta fi dacewa a bakin gari, a kira mai ita a ba shi haƙuri. Wani ya bayar sadaka yana neman lada, wani an musanya masa da wata, wani an ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, wani kuwa ya bayar ne kurum don ba a musu da sarauta. Iyaka kuma a baka aka yi ta, daga tsamiyar can zuwa surin nan, sai a dasa 'yan dalbejiya ko aguwa a jere. Bayan shekara biyu, cikin 1978, dokar mallakar ƙasa ta fito, ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama a ƙasar karkara. Sai dai dokar ba ta sauko ta auna filin kowace firamare ba.

Wannan tarihi shi ne tushen abin da mutanen ƙauye ke ji a ransu game da filin. A wurin ma'aikacin ofis kadara ce ta hukuma. A wurinsu kuwa gonar kakan wane ce da aka bayar don 'ya'yan gari, kuma ba su ga dalilin da zai sa ɗan gari ya daina zama ɗan gari don kawai ya gama aji shida ba.

Shi ya sa filin yake da rayuwa biyu a yini guda. Da hantsi na 'yan makaranta ne, can ake taron safe, can ake ɗan motsa jiki in akwai malamin da ya damu. Da an tashi, wuri ya yi tsit har a sallame la'asar, sa'an nan sai samari su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, wannan daga gona, wannan ya jingine babur ɗin haya, wancan ya rufe shagon caji, a kafa duwatsu ko sanduna a matsayin raga, a yi ta fafatawa har a ji kiran magariba. Ƙanana suna gefe da tasu ƙwallon ta tsumma ko ta leda, suna jiran manya su gaji. Kusan kowane ƙauye yana da kulob, sau da yawa da sunan wata ƙungiyar Ingila ko Sifen da ake kallo a gidan kallon ƙwallo, da koci wanda ba wanda ke biyansa, da kaftin mai karɓar karo-karon sayen ƙwallo da riguna. In ɗan siyasa ya sa kofi, musamman in zaɓe ya gabato, sai ka ga garuruwa sun yi ɗango a kan babura da a-kori-kura, masu rake da gyaɗa da ruwan leda sun kafa kasuwa, filin firamare ya ɗauki jama'ar da ba ya gani sai ranar. Kowane yaro a wurin ya san Kano Pillars ta ci kofin gasar lig ta ƙasa a 2008, ta kuma ci shekara uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ya san Ahmed Musa daga Pillars ɗin ya tashi zuwa Turai, ya san sunan Rabi'u Ali. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana da nisa ƙwarai da ƙauyen da ke ƙasar Makoda, amma hanyar zuwa can, in akwai ta, daga bayan aji take farawa.

Ba ƙwallo kaɗai ba. A filin makarantar ake kafa akwatin zaɓe, nan ma'aikatan rigakafi ke taruwa, nan ake wa'azi da mauludi da saukar karatu in zaure ya yi kaɗan, nan ɗan takara ke tara magoya baya, nan ake koyon tuƙin babur, da kaka kuma nan ake shanya da sussuka domin babu wata ƙasa mai tauri da faɗi kamarsa.

To, amma kada a ɗauka cewa hedimastan da ya ɗaure fuska, ya kai ƙarar samarin wurin dagaci, mugunta ce ta motsa shi. Shi ne wanda zai zo da safe ya tarar ƙwallo ta ɓalle taga, ta lotsa kwanon rufi. Shi ne zai tarar an fito da benci an zauna kallo an bar shi a rana ya karye, an rubuta batsa a allo, an cire hannun famfon tuƙa-tuƙa, an mai da bayan aji wurin bahaya, har ya zama aikin farko na almajiransa, kafin su buɗe littafi, shi ne sharar ƙazantar manya. Ya kuma san cewa bayan 'yan ƙwallo sun watse akwai wasu da ba wasa ya kawo su ba, masu fakewa cikin azuzuwan da ba ƙofa su yi shaye-shaye, kuma da gari ya waye ba a bambance tsakanin waɗannan da waɗancan. Ba shi da kuɗin gyara, makarantu da yawa ba su da maigadi ko kuwa suna da tsoho guda wanda ba ya iya tsawata wa jikokinsa, kuma ranar da sakataren ilimi ko mai duba makarantu ya zo, ba kaftin za a tuhuma ba, shi za a tuhuma. Ga shi sau da yawa baƙo ne a garin, canjin aiki ya kawo shi, ba shi da dangin da za su tsaya masa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: akwai hedimastan da kan nome rabin filin da sunan gonar makaranta, amfanin kuwa ba a ga inda ya shiga ba, akwai kuma wanda ke hana yaran gari amma ya buɗe wa mai biki in an sa masa wani abu a aljihu. Duk da haka kukan mafi yawansu kuka ne na gaskiya.

Sai kuma ga sha'anin tsaro ya shigo, ya ƙara wa masu son rufewa hujja. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, da abin da ya biyo baya a Kagara da Jangebe cikin Fabrairu 2021, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana na wajen gari na ɗan lokaci, katanga kuwa ta zama abu na farko da iyaye ke tambaya. Yankunan da ke iyaka da Katsina, irin su Shanono da Tsanyawa, sun ɗanɗana hare-haren 'yan bindiga su ma, don haka babu mai hankalin da zai ce a bar makarantar kwana, balle ta 'yan mata, a buɗe kowa ya shiga. Makaranta irin ta kimiyya da ke Dawakin Tofa, wadda aka kafa tun 1977, hukuncinta dabam ne, domin ɗalibanta a ciki suke kwana. Amma firamaren ƙauye wadda ba kowa cikinta daga azahar har wayewar gari, ƙiyasinta da makarantar kwana ƙiyasi ne da bai inganta ba.

A ganina, muhawarar nan ta tsakanin hedimasta da samari ta ɗauke hankalin mutane daga haɗarin da ya fi girma. Taga in ta karye kafinta zai gyara ta. Fili in ya tafi ba ya komowa. Kuma filin makaranta ba ya tafiya rana ɗaya. Maƙwabci ne ke sako kunyarsa cikin iyaka bana, baɗi ya ƙara. Magadan wanda ya ba da gonar ne ke tasowa bayan rasuwarsa su ce aro ya bayar ba kyauta ba, kuma ba takardar da za ta ƙaryata su. Ƙaramar hukuma ce ke bukatar wurin ɗakin shan magani ko rumfunan kasuwa, ta ga babu inda ya fi sauƙi. Ita kanta makarantar, in yara sun yi yawa aka samo sabon ginin azuzuwa, ɗan kwangila yakan kafa harsashinsa a tsakiyar fili domin nan ne ba sai ya sare itace ko ya cike rami ba. A garuruwan da birni ya fara cim musu, ta wajen Ungogo da Dawanau da Gezawa, dillalan filayen awon igiya sun sa kowane taku ya zama kuɗi. Abin da ya faru a cikin birnin kansa ya isa ishara: shaguna sun tsiro a jikin katangun makarantu da na maƙabartu da masallacin Idi, har ta kai gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta shiga rushe-rushe cikin Yuni 2023, shari'o'i da asarar dukiya suka biyo baya. Ko mutum ya goyi bayan rusau ɗin ko ya ƙi shi, ya ga tsadar ƙwato fili bayan an riga an zuba masa siminti.

Wane ne kuwa ke lura da iyakar filin ƙauye kullum? Ba hedimasta ba ne, wanda gobe za a iya mai da shi wata makaranta, ba kuma jami'in da ke zaune a ofishin Hukumar Ilimin Bai Ɗaya a Kano ba ne. Samarin nan ne. Su ne suka san inda kusurwa take domin daga nan suke bugun kwana, su ne za su fara ganin an sauke bulo, su ne kuma, saboda yawansu da ƙuri'unsu, kansila ke jin nauyin ɓata musu rai. Filin da ake takawa kowace yamma yana da shaidu ɗari. Wanda aka kulle, ciyawa ta rufe shi, shi ne wanda wata rana za a ce ai ba a amfani da shi. Hana samari shiga, da sunan kiyaye dukiyar makaranta, korar masu gadin da ba a biya ne.

Wasu ƙasashe sun riga mu cin karo da wannan mas'ala. A Ingila, bayan an sayar da filayen wasan makarantu masu ɗimbin yawa cikin shekarun 1980 da farkon 1990, sai da majalisa ta yi doka a 1998 cewa ba za a rabu da filin wasan makarantar gwamnati ba sai da yardar ministan ilimi. A Japan kuwa dokar bunƙasa wasanni ta 1961 ta umarci makarantu su yi ƙoƙarin buɗe wa jama'a wuraren wasansu matuƙar hakan bai taɓa karatu ba, a aikace kuma ƙungiyoyin unguwa kan yi rajista, a ba su lokaci, su share wurin in sun gama. Ba kuɗi ne ya bambanta su da mu a wannan babi ba, rubutu ne: an san wa ke da izini, daga yaushe zuwa yaushe, wa kuma zai biya in an yi ɓarna.

Mu ma ba mu rasa inda za a ɗora irin wannan tsari ba. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka wajabta wa kowace makaranta kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ya haɗa wakilin sarauta da malamin addini da iyaye maza da mata da tsofaffin ɗalibai da shi hedimasta. A wurare da yawa kwamitin ba ya zama sai an ji ƙishin-ƙishin tallafi, amma ga aikin da ya dace da shi wanda ba ya bukatar ko kwabo daga Abuja: ya kira koci da kaftin gaban dagaci, a ƙulla sharaɗi a rubuce cewa fili nasu ne daga la'asar zuwa magariba da ranakun hutu, azuzuwa kuwa haramiyarsu ne, a juya raga ta bar fuskantar tagogi, wanda ya karya ya gyara, kulob kuma ya ɗauki nauyin shara da korar masu fakewa da dare. In za a yi katanga, a kewaye har da filin, kada a kewaye azuzuwa kaɗai a bar shi waje ga masu cin iyaka. A yi masa ƙofa tasa, mabuɗi ɗaya wurin hedimasta, ɗaya wurin mai unguwa. Wannan shi ne abin da malamai ke kira tunkuɗe ɓarna ba tare da an toshe maslaha ba.

Akwai kuma waɗanda ba a jin muryarsu a wannan gardama ko kaɗan. In an ce jama'ar gari suna amfani da fili, samari ake nufi. Yarinyar da ta yi tsere a aji huɗu, da ta fara girma sai dai ta ratsa gefen filin da farantin talla a ka, dandalin da uwarta ta yi gaɗa a cikinsa kuwa an gine shi. Katangar da samari ke tsoro ita ce za ta iya ba 'yan mata wata yamma guda a mako, ƙofa a rufe, malama tana tsaye, ba tare da wani uba ya ga abin zargi ba. Almajiran tsangaya ma, waɗanda ba su da rajista a makarantar, 'ya'yan Musulmi ne da ke kwana a garin, kuma ranar Alhamis ba su da wurin zuwa.

Amma kafin duk wannan akwai aikin da ba ya jira, shi ne awo. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi cikin Yuni 2024, aka shiga gyaran azuzuwa da sayen kujeru, alhali kuɗin da safiyo zai ci ya auna filin firamare, ya kafa duwatsun iyaka, a rubuta takarda da sunan makarantar a ajiye ɗaya a ƙaramar hukuma ɗaya a wurin hakimi, bai kai na rufin aji guda ba. Takardar kuwa ba za ta rubutu ba sai da shaidu, kuma shaidun su ne mutanen da suka tsaya a wurin ranar da dagaci ya nuna tsamiya ya nuna suri. Wanda yake da shekara 25 a 1976 yanzu ya haura 70, surin ya daɗe da bajewa, tsamiyar ma a garuruwa da yawa an sare ta an yi gawayi.